Sabon Adireshin Intanet: Yadda Ake Shirya Gida Domin Karɓarsa

Duk na'urar da ke hawa intanet, waya ce ko kwamfuta, sai an ba ta lambar da za a riƙa aiko mata da saƙo, tamkar akwatin gidan waya. Tsarin da aka tsayar a 1981, wato IPv4, yana rubuta wannan lamba da gurbi 32, kowane gurbi ko dai 0 ko 1. Ɗalibin da ya yi lissafin zai sami adireshi 4,294,967,296. Yawan mutanen duniya kuwa ya kai biliyan 8 a 2022. Tun ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA mai rabon lambobin ta kwashe ragowar abin da ke rumbunta.

To, yaya aka yi intanet ba ta tsaya ba? Dabarar ita ce a bai wa gida adireshi ɗaya tak. Na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rawuta, sai ta zama zaure: duk saƙo nan yake tsayawa, ita ce ke miƙa shi ga wayar da ta nema.

Sabon tsarin, IPv6, wanda aka fara bayyanawa a 1995, gurbinsa 128 ne. Adadin adireshinsa ya kai 340 da sifili 36 a bayanta, don haka kowace na'ura za ta iya samun nata. Ranar 6 ga Yuni, 2012, kamfanoni irin su Google da Facebook suka kunna shi dindindin.

Shirin gida daga waje yake farawa. A tambayi kamfanin da ke ba da intanet ko yana raba IPv6, domin in ba ya yi, duk wani gyara a gida wahalar banza ce. Sannan a shiga shafin saitin rawuta a kunna shi, ba tare da an kashe tsohon ba, saboda har yanzu akwai shafuka masu yawa da IPv4 kaɗai suke ji. Wayoyi da kwamfutocin zamani ba su da matsala. Windows ta zo da shi a kunne tun daga Vista. A kula da wani abu da ke ruɗar mutane: adireshin da ya fara da fe80 na cikin gida ne kawai, wanda ya fara da 2 ko 3 shi ne ke isa duniya.

Abin da na fi so malamai su jaddada wa ɗalibai shi ne tsaro. Zauren nan, ko da yake ba don gadi aka gina shi ba, yana tare baƙon da ba a gayyata ba. A sabon tsari kowane ɗaki na da ƙofarsa a bakin titi, har da kyamarar tsaro da na'urar buga takardu. Saboda haka a tabbatar katangar tsaron rawuta tana aiki a kan IPv6 ma, tana hana duk saƙon da ba a nema daga ciki ba. Rawutar da masu ƙera ta suka daina sabunta manhajarta, gara a sauya ta kafin a kunna komai.