Manoman Doya na Garki: Sana'ar da Birni Ya Cinye wa Gona

Duk wanda aka ambata wa Garki ta Abuja, abin da zai fara zuwa masa shi ne ma'aikatun gwamnati da bankuna da unguwannin nan da ake kira da lamba, su Eriya 1 da Eriya 11. Amma a tsakiyar waɗannan gine-gine akwai tsohon ƙauyen da ya ba wa gundumar sunanta, da lungunansa da fadar sarkinsa, Sa'peyi na Garki. 'Yan asalin ƙauyen mafi yawansu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwarawa, tare da Hausawan da suka daɗe da zama cikinsu. Sana'ar da suka gada kaka da kakanni ita ce noma, kuma a cikin duk abin da suke shukawa babu wanda ya kai doya daraja.

Noman doya ba aikin rago ba ne. Tun ƙarshen damina, kafin ƙasa ta bushe ta yi tauri, manomi zai shiga saura da garmarsa ya fara tayar da tudu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kai gwiwa ko ya ɗara. Girman tudun da laushin ƙasarsa su ne za su nuna girman doyar da za ta fito, shi ya sa ba a yin aikin da gaggawa. A da, gayya ake kira: samarin unguwa su taru a gonar wane yau, gobe su koma ta wane, mai gona kuwa ya tanadi abinci. Yanzu galibi 'yan ƙwadago ake ɗauka, ana biyansu bisa yawan tudun da suka tayar.

Bayan tudu sai iri. Irin doya ba tsaba ba ce da za a auno a mudu. Doyar ce da kanta, ƙanana ko yankakku, ake binnewa. Don haka manomi kan ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya noma ya ajiye, ko da kuwa gida na bukata. Wasu na shukawa da rani, su ɗora busasshiyar ciyawa a kan kowane tudu su danne ta da ƙasa don kada zafin rana ya ƙona irin. Wasu kuma sai ruwan farko ya sauka wajen watan Afrilu. Idan ta tsiro aka kafa mata sanda ko aka bar mata karan dawar bara ta hau, sai noman ciyawa sau biyu ko uku, da sa ido kan ƙwaron da ke huda ta a cikin ƙasa.

Gwanintar manomi ta fi bayyana wajen haƙar farko, a tsakanin Yuli da Agusta. Zai tone gefen tudu a hankali, ya yanke doyar daga ƙasan kanta ba tare da ya taɓa saiwa ba, ya mayar da ƙasa ya rufe. Wannan ita ce sabuwar doyar da ake rububi a kasuwa. Kan da ya bari zai sake zuba 'ya'ya, su ne irin baɗi, waɗanda za a haƙe idan ganye ya bushe da sanyin hunturu. Wuƙa ta ɗan kauce, an yi asarar iri. Ba a koyon wannan da baki, sai yaro ya shekara da shekaru yana bin mahaifinsa gona.

Daga nan hannun mata ke shiga. Macen Gbagyi ba ta ɗora kaya a ka. A kafaɗa take ɗauka, cikin babbar ƙwarya, domin a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a mayar da shi abin dako. Da wannan kafaɗa ake fito da doya daga gona zuwa bakin hanya, kuma su matan ne ke kasa ta kashi-kashi a kasuwar Garki ko ta Gosa da ke ci ranar Juma'a a hanyar filin jirgin sama. Cinikin sari kuwa da ƙwarya ake yinsa, wato doya 100, kuma a nan ne dillalai Hausawa suka shigo sana'ar, suna haɗa manomi da 'yan kasuwar da ke loda motoci zuwa Kaduna da Kano. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya, tana fitar da kusan kashi biyu cikin uku, kuma yankin da ya taso daga Neja ya ratsa Abuja da Nasarawa zuwa Binuwai yana cikin manyan wuraren da ake noma ta.

Sai dai doya tana da sharaɗi guda da ba ta sassautawa: tana son ƙasar da ta huta. Ita ake fara shukawa a sabuwar saura, bayanta a sa dawa ko masara, sannan gyaɗa ko rogo, daga nan a bar gonar ta yi shekaru tana farfaɗowa. Ke nan mai noman doya yana bukatar fili ninkin wanda yake nomawa a shekara. Wannan sharaɗi ne ya yi karo da zuwan birni.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da Doka ta 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, wadda ta kafa Babban Birnin Tarayya ta kuma mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ƙasar yankin. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka. Da fari an ƙudurta kwashe kowa a sake masa matsuguni, amma a 1978 aka janye saboda tsadar abin. Bayan gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, sai a 1992 aka ce za a bar ƙauyen Garki a inda yake a haɗe shi da birni. A 1999 aka sake komawa batun tashi, kuma a zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i aka soma gina wa mutanen ƙauyen gidaje a Apo. Cikin duk wannan kai-komo, gidaje aka yi ta magana a kai. Gonakin da ke ciyar da gidajen tuni sun zama tituna da fuloti, kuma diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta.

Shi ya sa manomin Garki na yau matafiyi ne. Gonar da kakansa ke isa da ƙafa kafin hantsi, shi sai ya shiga mota ya nufi wajen Kabusa ko Kuje ko Gwagwalada, wani ma har cikin jihar Nasarawa, inda ya samu aron fili ko haya. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, zirga-zirgar ta ƙara wuya, kuma kuɗin a-kori-kurar da za ta kwaso doya yana cin rabo mai tsoka daga ribar. Wasu sukan lallaɓa su tayar da tudu a fulotin da mai shi bai fara gini ba, suna sane da cewa ranar da aka kawo bulo, aikin shekara ya tafi. Wanda bai da tabbacin baɗi ba zai bar gona ta huta ba, ba zai kuma dasa itace ba, sai ƙasar ta gaji doya ta ƙanƙance. Da yawa sun haƙura sun tsaga gidan gado ɗaki-ɗaki suna ba ma'aikata da 'yan ci-rani haya, 'ya'yansu kuwa sun koma gadi da tuƙi da aikin ofis.

Babu mai cewa a mayar da Eriya 11 gona. Abin da adalci ke nema shi ne a ware wa waɗannan iyalai filayen noma a ƙananan hukumomin Kuje da Kwali da Abaji, da takardar da za ta hana a wayi gari a tashe su, a kuma gyara hanyoyin da ke fito da kaya daga can. Idan za a biya diyya, a lissafa irin da ke cikin ƙasa da shekarun da gonar za ta yi tana bayarwa. Masu hannu da ilimin wannan sana'a suna nan da ransu, kuma birnin da ke cin sakwara kullum yana bukatarsu. Idan aka bari dattawan da suka iya haƙar farko suka shuɗe ba su koya wa kowa ba, babu kasafin kuɗin da zai dawo da abin da aka rasa.