Tuƙin Jirgin Roba A Gangaren Kogi: Sana'ar Da Ke Samar Da Dala, Da Darasinta Ga Ƙasar Katagum

AZARE — A ƙasashen gabashi da kudancin Afirka akwai wata sana'a da ta daɗe tana samar wa kamfanonin yawon shaƙatawa kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje, wato ɗaukar baƙi cikin jirgin roba a gangara da su inda kogi ke kwarara da ƙarfi tsakanin duwatsu. Tafiya ce ta yini guda, kuma akasarin masu biyan kuɗinta ba su taɓa riƙe filafili ba.

Sana'ar ta samo asali a kogin Zambezi, ƙasa da mafaɗar ruwa ta Biktoriya a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, bayan da kamfanin Sobek na Amurka ya fara gangara kwazazzabon Batoka a shekarar 1981. A Yuganda kuwa an soma ta a 1996 a kogin Nilu, daf da garin Jinja, mai tazarar kimanin kilomita 80 daga Kamfala.

Tsarin aikin kusan ɗaya ne a ko'ina. Da sassafe motar kamfani kan kwaso baƙi daga masaukinsu, a ba kowa rigar kariya daga nitsewa da hular kwano da filafili. Kafin a shiga gangare, jagora kan kife jirgin da gangan a inda ruwa yake kwance, domin kowa ya koyi yadda zai riƙe igiya ya sake hawa. Jirgi guda kan ɗauki mutum shida zuwa takwas, yayin da ƙwararrun masu ceto ke biye a cikin ƙananan kwale-kwale. An kasa ƙarfin gangare aji shida: na ɗaya ruwa ne mai sauƙi, na biyar sai da gwanin jagora, na shida kuwa ba a shiga da baƙo ko kusa. A Jinja kuɗin mutum guda na yini ya haura dala 100, kuma daga ciki direbobi da masu abinci da masu ɗaukar hoto da masu masauki ke samun rabonsu.

To amma jarin wannan sana'a shi ne kogin kansa, wanda ba mallakar ɗan kasuwa ba ne. Madatsar ruwa ta Bujagali mai ƙarfin megawat 250, wadda aka buɗe a 2012, ta shanye gangaren da ya fito da sunan Jinja, har ya zama dole kamfanoni su koma can ƙasa da madatsar. Ta Isimba da aka buɗe a 2019 ta ƙara haɗiye wasu. Haka nan shirin gina madatsa a kwazazzabon Batoka ya daɗe yana tayar da hankalin masu sana'ar a Zambezi.

A ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi lamarin ya sha bamban. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, kan iso wannan yanki ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya wuce ta Jama'are da tsohon garin Katagum, kafin ya haɗu da kogin Haɗeja a wajejen Gashuwa su nufi tafkin Chadi. Babu gangaren dutse a nan, ga shi kuma ruwan na damina ne, ya cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, ya ja baya da rani. Saboda haka attajirin Azare ko Gamawa ko Udubo da ya sayo jirgin roba don kwaikwayon Jinja, asara kawai zai tafka.

Abin da ya dace a kwaikwaya shi ne tsarin: a haɗa mota da abinci da jagora da kayan kariya cikin farashi guda, a sayar wa baƙo natsuwar zuciya. Hajar sayarwa kuwa akwai ta. Dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, wani sashensa ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta amince da shi a 2016, ya nuna cewa tseren kwale-kwale da wasan kabanci na jawo jama'a daga nesa. Masu zuwa gandun daji na Yankari ma kasuwa ce a cikin jihar. Daɗin daɗawa, masu fito da masunta sun san kogin ciki da bai, horon ceto kaɗai suke buƙata.

Sai dai akwai abubuwa biyu da mai zuba jari zai auna. Na farko, ruwan kansa: madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun rage malalar kogin Haɗeja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyi da dama, kuma madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are za ta sauya yanayinsa idan aka kammala ta. Na biyu, tsaron rayuka: haɗurran kwale-kwale a arewacin Nijeriya galibi na faruwa ne saboda lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Bin ƙa'idojin hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997, tare da yi wa fasinja inshora, wajibi ne tun kafin a karɓi kwabon baƙo, domin haɗari guda ya isa ya rufe kasuwar baki ɗaya. Hausawa dai sun ce iya ruwa fid da kai.