Yadda A Ke Ƙara Wa Injin Yankan Ciyawa Ƙarfin Aiki

A Amurka da Ingila mai gida ya kan bar fili a gaban gidansa ko a baya, ya shuka ciyawa mai shimfiɗa irin su kiri-kiri, ba don dabba ba, don ado kawai. Ita wannan ciyawa sai an riƙa yi mata aski kowane mako in lokacin tsironta ya yi. Wanda filinsa ƙarami ne ya kan tura ɗan inji da hannu. Wanda nasa ya kai eka guda ko fiye, sai ya sayi wanda a ke hawa, mai taya 4 da kujera da sitiyari, kamar jaririn tarakta. A Nijeriya ma a kan ga irinsa a filayen ƙwallo da manyan makarantu da gidajen gwamnati. Injin da ke cikinsa kuwa ɗan'uwan na famfon ban-ruwa ne mai shan fetur, saboda haka abin da ya gyara wannan ya kan gyara wancan.

ASALINSA

Wani Bature, Edwin Budding, mutumin wajen Stroud a Ingila, shi ya ƙago injin yankan ciyawa cikin 1830. Ya samo dabarar ne daga injin da a ke aske gashin ulu da shi a masaƙa. Cikin 1902 kamfanin Ransomes na Ipswich ya fara sayad da mai aiki da fetur. A Amurka kuma kamfanin John Deere ya fito da ƙaramar taraktarsa ta gida mai lamba 110 cikin 1963, mai ƙarfin doki 7. Na yanzu da yawa sun ninka wannan sau 2 ko sau 3.

Ga yadda ya ke aiki. Injin yana juya wani gargare da makanikai ke kira fuli. Bel guda ya kai ƙarfin ga giyar tayoyin baya, wani bel ɗin kuma ya kai shi ga wuƙaƙe. Wuƙaƙen suna juyawa ƙarƙashin wani murfin ƙarfe mai kama da kifaffen daro. Tafiyarsa ba ta cika wuce mil 5 ko 6 cikin sa'a ba.

Masu waɗannan injuna da yawa ba su kai su wurin makaniki, da kansu su ke gyara, kuma kowa yana so nasa ya fi na maƙwabcinsa. To, gyaran iri biyu ne. Akwai wanda ke maido wa injin ƙarfin da ya ke asara a banza, akwai kuma wanda ke tilasta masa abin da ba a ƙera shi dominsa ba. Na farko riba ne. Na biyu shi ne garin neman gira a rasa ido.

Kafin a taɓa kome, a kashe injin, a zare mabuɗi, a cire wayar fulogi. Wuƙar da aka juya da hannu tana iya ta da injin, ta tafi da yatsu.

WUƘA ITA CE FARKO

Manomi ya san bambancin lauje mai kaifi da dasasshe. Haka abin ya ke a nan. Dasasshiyar wuƙa ba ta yanka, sai dai ta yagi ciyawa, bakin ganyen ya bushe ya yi ja, injin kuwa ya yi ta nishi yana shan mai. A kwance ta a wasa da magagari bayan aikin sa'a 20 zuwa 25. A bi karkatar bakin da aka ƙero ta da shi, kada a mai da ita kamar aska, gama baki mai siriri ba ya jure tsakuwa.

In an gama wasawa, a kafa ƙusa a bango, a rataya wuƙar ta ramin tsakiyarta. In gefe guda ya rinjaya, a ƙara rage masa ƙarfe har ta tsaya daidai kamar ma'auni. Wuƙar da ta fi nauyi a gefe guda ta kan sa injin rawa, rawan kuwa shi ke cinye ƙarfen da ta ke juyawa a kai.

Wuƙaƙen kuma iri-iri ne, sake su shi ne gyara mafi araha. Akwai mai babban fiffike, wadda ke zuƙo iska ta miƙad da ciyawa ta watsa ta waje. Ta dace da doguwar ciyawa, amma tana cin ƙarfin injin. Akwai mai haƙora, wadda ke niƙe ciyawar ta zube nan take ta zama taki. Akwai kuma mai ƙaramin fiffike, wadda ta fi dacewa da jigawa, don ba ta tayad da yashi. Yashi kuwa ya kan goge wuƙa da daro kamar magagari. Mai doki ya lura: kada a tara ɗanyar ciyawar da injin ya niƙa a ba doki, gama ta kan yi zafi ta ruɓe da sauri, ta kawo masa ciwon ciki mai tsanani.

DARO DA TAYA

A ajiye injin a daɓe mai laushi ɗaya, a auna tsawon bakin wuƙa daga ƙasa, dama da hagu. Su zama daidai. Gaba kuma ya fi baya sauka da kamar rubu'in inci ko ƙasa da haka. Dalili shi ne, in gaba ya fi sauka, sau ɗaya wuƙa za ta yanki ciyawa ta wuce. In baya ya fi sauka, sai ta yanka sau biyu, an yi aiki biyu a kan lada ɗaya. Ciyawar da ta daskare a cikin daro kuma a kankare ta, don tana toshe iska tana kawo tsatsa.

Amma kafin a yi wannan awo a duba iskar tayoyi, gama taya guda mai ƙarancin iska ta isa ta karkatad da daron duka. Yawancinsu ba su son iska da yawa, wajen awo 10 zuwa 14 ne, kuma a kan rubuta adadin a littafin injin. Wanda filinsa ke da laka ko gangare ya kan sake tayoyin baya da masu manyan haƙora irin na tarakta, ya ɗaura musu nauyin ƙarfe, ko ya ɗura ruwa a ciki. Wannan ba ya ƙara wa injin ƙarfi, amma yana hana taya juyawa a wuri ɗaya, ƙarfin da ke akwai ya isa ƙasa.

ISKA DA MAI DA WUTA

Injin fetur abu 3 ya ke bukata: iska mai tsabta, da fetur mai kyau, da tartsatsin wuta. In matatar iska ta toshe, sai ya sha fetur fiye da kima, ya yi baƙin hayaƙi, ya yi sanyin jiki. Matatar ta takarda ce, a kan kuma lulluɓe ta da soso. A wanke soson da sabulu bayan kamar sa'a 25, a bar shi ya bushe sarai. Ta takardar ba a wanke ta, sake ta a ke yi. Inda a ke ƙura irin ta hunturu, sai a duba kowace rana. Waɗansu su kan cire matatar gaba ɗaya, wai injin ya sha iska. Lalle zai sha, amma tare da ƙura, ƙura kuwa in ta gauraya da mai ta kan goge fistin har injin ya fara shan baƙin mai.

Baƙin mai a kan sake shi bayan sa'a 50, na sabon inji kuwa tun bayan sa'o'in farko kaɗan. A ƙasar zafi mai lamba 30 ya dace da yawancinsu. Fulogi a sake shi shekara-shekara. Ratar bakinsa a injuna da yawa kashi 30 ce cikin 1,000 na inci.

Fetur in ya kwana wata guda ko fiye a tanki ya kan fara lalacewa, ya bar danƙo cikin kafireta. Ga wata dabara mai sauƙi: a yanka tiyon mai, a sa masa ƙaramar matata da ɗan famfon rufewa. In za a ajiye injin ya daɗe, a rufe famfon, a bar shi yana aiki har ya shanye abin da ke cikin kafireta ya mutu da kansa. Mai famfon ban-ruwa da ke ajiye nasa duk damina, wannan dabara tasa ce.

Yawancin waɗannan injuna ba su da ruwan sanyaya, iska ce ke sanyaya su. A buɗe murfin sama lokaci-lokaci a share ciyawa da sheƙar ɓera daga tsakanin ƙarafan, in ba haka ba zafi ya kashe injin. Wani abu kuma: ko wane inji ya kan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da aka hau sama, saboda iskar tudu ba ta da kauri. Jos tana wajen ƙafa 4,000 bisa teku, watau injin da ke can ya rasa kusan kashi 12 ke nan ba tare da wata cuta ba. Kada a ga haka a ce ya lalace.

SAURIN TAFIYA

Mai son ƙarin sauri ya kan sake fuli. Ga lissafin. A ce fulin injin inci 4 ne, na giya kuwa inci 8. In injin ya juya sau 2, giya ta juya sau 1. In aka sa fuli mai inci 5 a madadin mai 4, sauri ya ƙaru da rubu'i, mai yin mil 4 ya koma mil 5. Injin da faɗin yankansa inci 42 ne, a mil 4 zai share kamar eka 1 da kashi 7 cikin 10 a sa'a guda, a mil 5 kuwa eka 2 da 'yan kai, in ba a lissafa juyawa da tsayawa ba.

Amma fa ba a samun kome kyauta. Abin da aka samu na sauri, an biya shi da ƙarfin ja. Injin zai kasa a tudu, giya za ta yi zafi, birkin kuwa ba a yi shi don wannan gudu ba. Wuƙa ma ba ta ƙara sauri ba, saboda haka in ciyawa ta yi kauri sai ta bar saura a baya, a komo a maimaita. Wanda zai yi wannan ya tsaya ga ƙarin inci guda, kuma kada ya taɓa fulin wuƙaƙe.

ABUBUWA BIYU DA BA A TAƁAWA

Na farko shi ne gwamna. Wannan wata 'yar na'ura ce da ke riƙe da totur. In ciyawa ta yi kauri ta ƙara mai, in ta yi sauƙi ta rage, ta tsare injin kada ya wuce wajen juyi 3,600 a minti. Waɗansu su kan ɗaure ta ko su cire, su ji injin yana kuka su ce ya yi ƙarfi. Abin da ba su lura ba shi ne, in saurin juyi ya ninka sau 2, ƙarfin da ke neman tsinka ƙarfe ya ninka sau 4. Sandar fistin ta kan karye ta fasa jikin injin. Babban gargaren da ke bisansa kuma yana iya tarwatsewa, ga shi kuwa kusa da ƙafafun mai tuƙi ya ke. Ƙa'idar masu ƙera injunan a Amurka ta hana bakin wuƙa ya wuce ƙafa 19,000 a minti, watau fiye da mil 200 cikin sa'a. Tsakuwar da aka buga da wannan sauri ta isa ta fasa ido, balle a ƙara.

Na biyu shi ne makunnin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke kashe injin da zarar mai tuƙi ya tashi ko ya faɗi. Wanda ya haɗe wayarsa don kada ya dame shi, ranar da injin ya kife wuƙa ba za ta tsaya ba. Don haka ne kuma a ke hana hawan gangaren da ya wuce digiri 15, watau wanda ya tashi wajen ƙafa 1 cikin kowace ƙafa 4. A kan gangare a hau a sauka, kada a bi ta gicciye. Ba a kuma ɗaukar yaro a cinya.

Gaskiya ne Turawa suna tsere da waɗannan injuna. An kafa ƙungiyar 'yan tsere a Sussex ta Ingila cikin 1973, aka kafa ƙungiyar 'yan tseren Amurka cikin 1992. Cikin 2014 kamfanin Honda ya sa wa wani injin babur, ya yi gudun mil 116 cikin sa'a. Amma 'yan tsere su kan cire wuƙaƙe tukuna, su sa hular kwano, su yi a filin da aka keɓe. Dokin sukuwa daban, na aiki daban.

To, wanda ya ke so injinsa ya ƙara aiki, ga jerin yadda zai bi. Ya fara da wuƙa, sa'an nan daro da taya, sa'an nan matata da mai da fulogi. Ya kuma riƙa yanka sulusin tsawon ciyawa kaɗai a kowane zagaye, kuma ba da raɓa ba. Yawancin injunan da a ke cewa sun gaji, in an yi musu wannan sai su farfaɗo, kuɗin kuwa bai kai na fistin guda ba. Fuli shi ne na ƙarshe, gwamna kuma a bar shi a kan mulkinsa. Allah ya ba da sa'a.