Darasin Waƙa a Firamare: Me Za Mu Sa a Bakin 'Ya'yanmu?

Bayan sallar Juma'a wani magidanci ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, 'yata ta dawo gida tana rera abin da aka koya musu a aji. Shin in cire ta daga makarantar?" Wannan tambaya tana da nauyi a ko'ina, amma nauyinta ya fi yawa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An rufe makarantu, wasu ƙauyuka sun watse, yara da yawa sun yi asarar zangunan karatu. Yaron da ya samu ya koma aji a irin wannan hali, bai kamata a sake fitar da shi a kan shubuha ba.

Tun 2008 manhajar ilimin bai-ɗaya ta hukumar NERDC ta haɗa waƙa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda. To, me Shari'a ta ce? Wajibi ne a rarrabe waƙa da kiɗa. Waƙa zance ce: mai kyau halas, mummuna haramun. Sahabbai sun rera baitoci suna haƙa gwalalo a yaƙin Khandaƙ. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Sayyidina Abubakar tsawata wa 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi. Kayan kiɗa kuwa, jamhurin malamai sun hana su bisa hadisin Abu Malik al-Ash'ari, in ban da mandiri a biki, ko da yake Ibnu Hazmi ya saɓa musu.

Koyarwa da rerawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Wali Ɗan Masani ya yi sharhin Ishiriniyar Alfazazi tun ƙarni na 17. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da matan 'Yan Taru. Har yau da baitocin Tuhfatul Aɗfal ɗalibanmu na Islamiyya ke riƙe hukunce-hukuncen tajwidi, domin abin da aka rera ya fi zama a ƙirji.

Gaskiyar magana, yaro zai yi waƙa, ko mun yarda ko mun ƙi. In malami bai ba shi ta ƙirga da tsafta da girmama iyaye ba, wayar salula za ta ba shi wata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka na ce wa mai tambayata: je ka ga shugaban makaranta, ka saurari abin da ake rerawa. In murya ce da tafi da kalmomi masu tsarki, bar yarinya ta yi karatunta. In ka tarar da batsa ko rawar da ta saɓa wa kunya, kai maganar gaban taron iyaye da malamai a gyara. Su kuma malaman, su nemi baitocin Hausa da yara ke fahimta, su kiyaye abin da iyaye suka ba su amana.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.