Wankin Hoto Ba Ruwa: Baƙi da Fari a Firintar Gida

Har yau a Gusau, wanda ke son a fitar masa da hoto a takarda cewa yake yi a wanko masa. Kalmar ta samo asali ne tun zamanin da mai hoto ke shiga ɗakin duhu da dodon hoto, ya haska shi a kan takarda mai sinadarin azurfa, ya tsoma ta a ruwan magani kashi-kashi, ya ɗauraye, ya shanya. Ɗakunan duhun sun rufe, kalmar ta ƙi tafiya. Yanzu wankin ya koma hannun firinta mai fesa tawada, irin wadda ke shagunan buga takardu na Tudun Wada da Sabon Gari, wadda kuma ta fara shiga gidajen malamai da ɗalibai.

Abin wankewa kuwa yana nan jibge a adakar tsofaffi. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin Gusau ya cika da cinikin auduga da gyaɗa, masu hoto suka biyo kasuwa. Shi ya sa ake samun hoton kaka sanye da kakin aikin jirgin ƙasa, ko na amarya da ƙawayenta, ko ɗan fasfo na wanda ya je Makka ya dawo, duk baƙi da fari. Yawancinsu kwafi ɗaya ne tak, dodon ya daɗe da ɓata. Gara na ci, damshin damina na manne su, sannan ga tashin ƙauyuka a yankunan Tsafe da Bunguɗu saboda 'yan bindiga. Wanda ya fito da dare da goyo a baya ba ya tsayawa neman hoto. Ajiya a waya ma ba ta wadatar ba: lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, duk wanda hotunansa ke Facebook kaɗai ya yi makonni bai gan su ba.

To amma wanda ya fara gwada bugawa a gida yakan ci karo da abin mamaki. Firintar da ke fitar da hoton biki mai kala tas, da an ba ta baƙi da fari sai fuskar kaka ta fito da ɗan kore-kore, ko farar riga ta yi ja-ja. Wani lokaci hoton ya yi daidai a ƙarƙashin ƙwan ɗaki, a fita da shi tsakar gida ya sake launi.

Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Firintar gida irin su Epson L3110 ko Canon G2411 tawada huɗu gare ta: shuɗiya, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙa. Ba ta da ruwan toka, alhali hoton baƙi da fari kusan duk toka ne, mataki 256 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat a lissafin kwamfuta. Don ta samar da tokar, sai ta fesa ɗigon launukan nan uku kusa da juna, kowane ɗigo bai kai kaurin gashi ba, ido ya haɗa su. Idan launi ɗaya ya ɗan rinjayi sauran, a hoto mai kala babu mai lura. A baƙi da fari kuwa ba wurin ɓuya. Ko Epson L805, mai tawada shida da masu hoton biki suka daɗe suna so, ba ta da toka a cikin shidan.

Kamfanonin sun san da matsalar. A 2005 Epson ta fito da tawadar UltraChrome K3 mai baƙi hawa uku, Canon ma ta sa toka biyu da baƙa a PIXMA PRO-100. Daga baya tawadar toka ta sauko har cikin firintocin tanki kamar Epson L8180 da Canon G640. Mai niyyar mayar da abin sana'a, nan ya kamata kuɗinsa ya tafi.

Mai tawada huɗu ma yana da dabara. Ta farko ita ce ya umarci firinta ta yi aiki da baƙar tawada kaɗai. A yawancin na'urori hakan na yiwuwa ne idan an zaɓi takarda marar sheƙi a saitin, domin da an ce mata mai sheƙi ce sai ta koma cakuɗa launuka. Hoton zai fito da ɗan tsakuwa-tsakuwa idan an matso da ido, amma ba kore ba ja, kuma a bango ba a ganin tsakuwar. Ta biyu ita ce a daina faɗa da launi: a ba hoton ɗan ruwan ƙasa da gangan, irin na tsofaffin hotuna, wanda ke rufe ƙaramin kuskuren cakuɗi. Ga hoton kakanni, wannan ta biyun ta fi dacewa, kuma ta fi daɗin kallo. Kowace aka zaɓa, a fara gwadawa a ƙaramar takarda, a bar ta ta kwana kafin a yanke hukunci, don tawada na sauya kama idan ta bushe.

Kafin bugu akwai ɗauka. Sikana ta fi waya nesa ba kusa ba. Ɗigo 300 a kowane inci ya isa idan girman hoton ba zai canza ba, sai a ninka zuwa 600 idan ana son fasfo ya girma. A ɗauke shi da kala ko da baƙi da fari ne, saboda tabon rawaya ya fi sauƙin gogewa a haka. Wanda waya kawai gare shi ya ɗauka a inuwa ba tare da filasha ba. In za a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp daga Tsafe zuwa Gusau, a tura a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana matse hoto ta zubar da ingancinsa.

Sai yanayin Zamfara, wanda takardar bayanin firinta ba ta san da shi ba. Ƙurar hunturu da zafin bazara mai wuce digiri 40 suna busar da tawada a bakin ƙananan ramukan feshi, sai hoto ya fito da layi-layi. Maganin mai arha ne: a rufe na'urar da zane, a buga ko da shafi ɗaya duk mako, kuma a kashe ta da maɓallinta ba ta cire soket ba, don kan feshin ya koma mazauninsa ya rufu. Ɗauke wuta ana tsakar bugu shi ne babban abokin gabarta. Sa'ar da aka yi, ƙaramar firintar tanki ba ta cin wutar da ta kai wat 20, don haka ƙaramar sola ta riƙe ta. Tawadar kwalba marar suna da ake ɗurawa don sauƙin kuɗi tana iya isar wa takardar makaranta, amma ita ce ta fi jawo koren nan, kuma ta fi saurin koɗewa.

Ba tsohon hoto kaɗai ya cancanci wannan wahala ba. Mai hoto Malick Sidibé na Bamako da baƙi da fari ya ci babbar kyautar baje kolin Venice a 2007, J.D. 'Okhai Ojeikere kuma da shi ya adana kitson matan Nijeriya. Dutsen Kwatarkwashi da hantsi, ko surfanin babbar riga ranar hawan Sallah, sun fi nuna zane da inuwarsu idan an cire kala.

Hoton da aka buga a sa shi a firam mai gilashi, nesa da hasken taga da hayaƙin murhu. Na asalin kuma a mayar da shi adaka cikin ambulan, kada a yi masa laminatin, don zafi da gam suna lalata shi ba gyara. Mai karatu da ke da irin wannan hoto a gida, ya kai wa dattijuwar gidan tun tana iya gane fuskoki, ta faɗi sunayen, shi kuma ya rubuta su da fensir a bayan sabon kwafin, da garin da shekarar.