Idan Rashin Lafiya Ya Hana Ka Tafiya: Yaya Kuɗin Tikiti?

Bara na sayi tikitin zuwa Kano daga Manchester a hannun wani ejan da ke Birmingham. Saura kwana shida in tashi aka yi mini tiyatar gaggawa, likita ya hana ni hawa jirgi. Na ɗauka takardar asibiti za ta dawo mini da kuɗina. Ashe ba haka ba ne.

Dokar da ake kira UK261 tana kare fasinja ne idan kamfanin jirgi ya soke tafiya ko ya yi jinkiri. Idan kai ka fasa, ko da ciwo ne, sharuɗɗan tikitinka ake dubawa. Tikiti mai araha galibi ba a mayar da kuɗinsa. ATOL kuma na ranar da kamfani ya durƙushe ne, ba ruwansa da jinya.

Ga abin da na koya:

1. Ka soke tikitin kafin jirgi ya tashi, kuma a rubuce. Wanda bai je ba, bai kuma sanar ba, yakan rasa har tikitin dawowa.

2. Idan ta hannun ejan ka saya, ta hannunsa za ka nema.

3. Ka nemi a mayar maka da harajin Air Passenger Duty, domin sai fasinja ya tashi gwamnati ke karɓarsa. Wasu kamfanoni sukan cire ladan aiki.

4. Ka roƙi a ɗaga maka ranar tafiya. Wannan alfarma ce, ba tilas ba.

Abin da ya cece ni shi ne inshorar tafiya da na saya ranar da na yanki tikiti. Sun aiko da fom, likitan GP ya cike, na biya shi, tunda NHS ba ta ɗaukar wannan kuɗin. Amma ka bayyana musu duk ciwon da kake da shi, kamar suga ko hawan jini, tun wajen saye. Ɓoyewa na iya sa su ƙi biya.

In sun ƙi, ko mako 8 ya wuce ba su ba ka amsar ƙarshe ba, kai ƙara Financial Ombudsman Service. Kyauta ne, kuma kana da wata 6 daga ranar amsarsu ta ƙarshe.

Don haka 'yan'uwa, ranar sayen tikiti ita ce ranar sayen inshora. Allah Ya ba mu lafiya, amin.