Linux: Babbar Manhajar da Aka Yarda Ka Feɗe

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin gwajin ilmin halittu ya san cewa zanen kwaɗo a kan allo daban yake da kwaɗon da aka feɗe a gabansa. Sai ya ɗaga fata da hannunsa, ya ga zuciya da huhu da hanta, sannan karatun ke zama a kansa. Wannan ɗabi'a ta son ganin ciki ita ce ta ja ni, malamin ilmin halittu, zuwa wasa da wata babbar manhajar kwamfuta mai suna Linux a lokutan hutuna.

Mece ce babbar manhaja?

Kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi. Abin da ke sa ta motsi shi ne manhaja, wato jerin umarnin da mutane suka rubuta mata. Daga cikin manhajoji akwai uwa, wadda ke raba wa sauran aiki, ta tsara wurin ajiya, ta haɗa allo da madannai da na'urar buga takarda. Aikinta ya yi kama da na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a jikin dabba. Windows ita ce wadda aka fi sani a makarantunmu, amma rubutun asalinta a kulle yake a hannun kamfanin Microsoft. Linux kuwa an baza rubutun asalinta a fili: kowa na da izinin karantawa, da gyarawa, da rabawa.

Asalinta

A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU don samar da manhajojin da ba a kulle ba, kuma a 1989 ya fito da lasisin GPL. Sharaɗin lasisin shi ne: in ka gyara manhaja ka raba wa jama'a, dole ka ba su rubutun gyaran naka da irin 'yancin da kai ma ka samu. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta zuciyar wata babbar manhaja, ya kuma ce abin sha'awa ne kawai, ba ya sa ran za ta zama wani babban abu. Fitowarta ta farko layi kamar 10,000 ne. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL, dubban mutane suka sa hannu, yau ta haura layi miliyan 30. Wayoyin Android a kanta aka gina su, kuma tun daga 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya da ita suke aiki.

Manomin rake a Makarfi ko Kudan zai fi kowa saurin fahimtar wannan tsari. Da gaɓa ake dasa rake. Maƙwabci ya yanko maka, ka dasa, baɗi kai ma ka yanka wa wani, kuma gonar mai bayarwa ba ta ragu da komai ba. Haka Linux ta yi rassa: Debian a 1993, sai Ubuntu a 2004 wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya ciro daga Debian, sai Linux Mint da Lubuntu waɗanda suka tsiro daga Ubuntu.

Me ya shafe mu?

Tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yaron da ya tashi a Saulawa ko wani ƙauye na Ikara, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ya shiga da tsoro biyu, na tambaya da na na'ura. Alhali a makarantu da ofisoshi da yawa akwai tsofaffin kwamfutoci da ƙura ta rufe, an ce sun mutu, nauyin manhaja ne kawai ya danne su. Ga shi kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10 ta yau da kullum, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Rassan Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu, suna tafiya a kan irin waɗannan na'urori, ba tare da kuɗin lasisi ba. A cikinsu akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, akwai kuma tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ.

Yadda za ka fara

Da farko, nemi izinin mai kwamfutar, ka kwashe duk muhimman takardun da ke ciki zuwa wani wuri. Ni kaina na koyi wannan da zafi: a gwajina na farko na zaɓi ɓangaren faifan da bai dace ba, na shafe darussan zango guda da na rubuta wa ɗalibaina.

Na biyu, samo filash mai gigabait 8, a sauko da reshen da kake so a inda intanet ke da ƙarfi, kamar Zariya. Saukowa ɗaya ta ishi makaranta guda, domin kwafa halal ce. Da ƙaramar manhaja irin Rufus ake rubuta shi a kan filash ɗin.

Na uku, kunna kwamfutar daga filash. Linux za ta tashi ba tare da ta taɓa faifan cikin na'urar ba. Gwada sauti da madannai da intanet. In komai ya yi daidai, sannan ka girka ta, kuma ka tabbata batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa na iya sa a koma farko.

Na huɗu, buɗe baƙin allon umarni. Rubuta ls ka ga abin da ke cikin jaka, cd ka shiga wata jakar, man ka karanta bayanin kowane umarni. Ka ajiye littafi kamar na ɗakin gwaji: abin da ka canza, abin da ya faru, yadda ka gyara. Canji ɗaya a lokaci ɗaya, kamar yadda muke yi a kowane gwajin kimiyya, domin in ka canza uku tare ba za ka san wanne ya jawo matsala ba.

Akwai ƙalubale. Wasu na'urorin buga takarda ba sa jituwa da ita da sauƙi, wasu manhajojin kuma don Windows kaɗai aka yi su. Za ka lalata tsarin ba sau ɗaya ba. Amma sake girkawa ba ya wuce awa guda, kuma kowace ɓarna darasi ce.

Kammalawa

Masana ilmin halittu da ke nazarin jerin ƙwayoyin gado, na sauro ko na masara, galibi a kan Linux suke aikin, da umarnin da ya fara daga ls da cd. Ina kira ga malaman kimiyya na sakandare da su zaƙulo kwamfuta ɗaya da aka jingine, su tara ɗalibai biyar ko shida bayan an tashi, su bar su su feɗe ta da hannunsu. Da koyo akan iya.